Daminar da Kyaftin Ya Hana Mu Barci

Na daɗe ina son in ba da labarin nan, ko don wata mace da ke kwance yanzu tana jin mijinta ya tashi cikin dare ya fita, ya dawo, ya sake fita, ita kuma tana cewa a ranta ai tsufa ne. Ni ma haka na ce. Ni kuwa har wanda zan ɗora wa laifi ina da shi, don kare muke da shi a gida.

A unguwar Abatuwa muke a Jos, ni da maigidana, mu biyu kaɗai, don 'yarmu Asabe ta yi aure tana Bauchi. Malam ya yi shekaru yana gadi a gidan wani Baturen kamfanin kuza wajen Bukuru. Da kuza ta ja baya Turawa suka shiga tattara kayansu, sai Baturen ya tafi ya bar masa keke da bargo da kare. Sunan karen Kyaftin. Ƙato ne, baƙi, da ɗan ja a ƙirji, kuma ya riga ya manyanta lokacin da ya zo mana. Ranar da Malam ya shigo da shi na ce ban yarda ba. Muka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan zaure zai riƙa kwana saboda sanyi, kwanonsa daban, kuma ba zai taka tsakar gidana ba. Bai taɓa takawa ba kuwa. Matar Baturen ta hore shi, ba ya ɓata wurin kwanansa. Da magariba Malam zai fita da shi, daga nan sai asuba, lokacin da zan buɗe ƙofa in kafa tanda in soya wa mahauta masa. Malam kuma ya koma sayen fatu a mayanka.

Haka muke har daminar alif ɗari tara da saba'in da takwas.

Farkon abin wani ɗan kuka ne siriri, sai ƙarar farce a jikin ƙofar langa-langa. Malam ya ɗauki tocila ya je ya zare sakata. A makon farko sau ɗaya ne a dare, na ce wata karya ya jiyo a unguwa. Mako bai zagayo ba abin ya ninka. Ina cikin barci sai in ji ƙarar farcen nan, in ji gado ya motsa, sanyi ya shigo ta inda Malam ya ɗaga bargo.

Shawara kuwa ba irin wadda ba mu sha ba. Mahauta suka ce a ɗauke masa ruwa tun la'asar. Muka ɗauke, sai ya kafa baki a ƙarƙashin indararo yana lasar ruwan sama. Maman Chinedu, maƙwabciyarmu mai shago, ta ce tsutsar ciki ce, a ba shi manja. Aka ba shi. Muka gwada barin ƙofa a buɗe, da safe muka tarar da akuyar wani a kwance kan buhun fatu, an kuma ɗauke butar zaure. Muka gwada ɗaure shi a waje, daren ne aka yi ruwa da ƙanƙara, ya yi ta kuka har Malam ya kasa daurewa ya fita cikin ruwan ya kwance shi. Yaya Alhaji, wan Malam, da ma ba ya ƙaunar zaman karen. Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ƙi shiga zauren.

"Kare ba ya kukan banza da dare," in ji shi. "Wani abu yake gani. Ku fitar da shi daga gidan nan, ai akwai masu saye."

Malam ya ce, "Yaya, na gadi ne, kuma amana ce."

"Gadin me? Butar ma da aka ɗauke yana ina?"

Rashin barci wani irin abu ne. Ba ciwo yake yi ba, sai dai ya raba mutum da ƙasa. Wani lokaci in Malam ya fita nakan tashi in leƙa ta taga. Jos da damina in an ɗauke ruwa hazo kan sauko ya kwanta a kan unguwa, fari fat, har ba a ganin gindin itatuwan turare. Sai in hango hasken tocila yana tafiya a hankali, mutum da kare ba a ganin ƙafafunsu, kamar a kan gajimare suke. Can nesa shanun da ke jiran gobe suna kuka a garke. In koma in kwanta, in yi mafarkin ina tsaye a tagar ina kallonsu, in farka ban san wanne ne na gaskiya ba. Da safe masa tana ƙonewa a gabana ina kallonta. Wata rana na miƙa wa wani mahauci canji, ya ce, "Inna, ai ban ba ki kuɗi ba tukuna."

Na ga wasu abubuwa a lokacin, amma ido ne kawai ya gani. Randa ba ta kai yamma. Tazugen wandon Malam ya yi tsawo. Na yi magana, ya ce yawon dare ne yake cin jikinsa, ni kuma na ƙara jin haushin karen.

Da Kyaftin ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, Malam ya roƙi likitan dabbobin da ke duba nama a mayanka ya zo ya gani. Wani dogon saurayi ne daga wajen Pankshin, mai ladabi. Ina bayan bangon zaure ina tsintar shinkafar masa, ina jin duk abin da suke faɗa. Ya ce a nuna masa inda karen yake fitsari. Suka fita, suka dawo.

"Baba, ka ga kiyashin da suka taru a wurin? Zaƙi suka ji. Ciwon suga ne. Shi ne ke sa shi yawan sha, yawan fitsari, ya ci ya ci amma yana ramewa. Ba fitina ce ke tashe shi ba, riƙewa ne ba ya iyawa, ga shi kuma ba ya son ya ɓata wuri."

Hannuna ya tsaya a cikin faifai. Makonni ke nan ina zuba toka a bakin rariyar makewayinmu saboda kiyashi, ina zagin damina. Kyaftin kuwa bai taɓa shiga can ba.

Daren nan na rufe ido amma ban yi barci ba. Zaure shiru, ba kuka, ba farce. Sai Malam ya tashi. Ya shiga makewayi, ya fito ya tsaya gaban randa ya sha moda guda, ya ƙara. Sai da takunsa ya kai bakin zaure sannan karen ya fara kukansa.

Da safe na kai masa shayi na zauna a gabansa.

"Malam, tsakaninka da Allah, kai da Kyaftin wa yake tashin wani?"

Ya daɗe yana juya cokali. Ya ce, "Hajara, hanya dai muka haɗa."

Washegari muka tafi babban asibiti tun gari bai waye ba, muka tarar layin kati har ya kai bakin titi. Mutane a nannaɗe cikin barguna, bencin siminti kamar ƙanƙara. Ranar ba mu ga likita ba. Rana ta biyu aka ce ba a ga katinmu ba, sai mun sake wani. Ni da na bar tandata na zo, na tsaya gaban tagar nan ina jin kamar in fasa ihu, sai wata ma'aikaciya mai shara da ta ga Malam yana jingine da bango ta shiga da kanta ta lalubo katin. Ban san sunanta ba har yau, amma tana cikin addu'ata.

A ɗakin gwaji aka karɓi fitsarinsa, aka ɗiga a cikin wani ruwa shuɗi a siririyar kwalba, aka kara a wuta. Ina kallo ruwan ya koma kore, ya koma rawaya, ya tsaya a launin jan bulo. Abin ya yi kyau a ido, sai da na ga fuskar mai gwajin na san ba alheri ba ne. Likitan ɗan Indiya ne, nas tana fassara. Ya ce ciwon ba ya warkewa, amma ana rayuwa da shi. Kalma ɗaya ya yi ta maimaitawa yana kaɗa kai, ita ce ta zauna mini, nas ta ce wai kiyayewa yake nufi: "Kontrol, Baba, kontrol." Aka hana shi sukari a shayi, aka hana shi cin masa da zuma, aka rage tuwon shinkafa. Na koma dafa acca da ganye, ni da nake soya masa a ƙofar gida ƙamshinta yana shiga har ɗaki.

Dangi suka ji, magani ya fara zuwa. Yaya Alhaji ya kawo rubutu, wannan mun karɓa da hannu biyu. Maman Chinedu tana matso ruwan shuwaka kullum. Wani abokin cinikin Malam ya kawo wata saiwa a galan ya rantse mako guda za ta wanke sugan. Malam ya sha a ɓoye, ta sa shi zawon da ya kusa kwantar da shi gaba ɗaya. Na zubar da sauran a kwata, kuma har yau in na tuna mutumin sai na yi istigfari.

Ƙwayoyin da aka ba shi ba su mayar da ruwan nan shuɗi ba, sai aka ce allura, kullum. Nas ta koya mini a jikin lemo. Sirinjin gilashi ne, ana tafasa shi a 'yar tukunya. Maganin kuma, insulin, ba ya son zafi. Na tsaya ina tunanin inda zan sa shi, Maman Chinedu ta karɓe kwalbar daga hannuna.

"Maman Asabe, kawo shi nan. Firiji nawa yana aiki da kananzir, ko wuta ya tafi babu wahala. Ko dare ne ka buga ƙofa, zan buɗe."

Haka kwalbar Malam ta zauna tsakanin kwalaben lemon sayarwa. Wata rana akwai maganin a asibiti, wata rana a ce sai kemis, a can kuwa kuɗinsa ba ya jin roƙo. Keken Bature ne ya fara tafiya, sai 'yan kunnena na aure. Amma Malam ya fara barci, fuskarsa ta ɗan ciko. Kyaftin ne dai yake ta ƙarasa lalacewa, yana tashi kamar da, Malam yana fita da shi.

Na ji lokacin da ya tambayi likitan dabbobi ko akwai allurar kare. Yaron ya ce, "Irin taka ce, Baba. Amma kullum ne har ƙarshen ransa. Mutum ma yaya ya ƙare?" Bayan 'yan kwanaki Malam ya ce in huta, ya iya yi wa kansa, zai riƙa yi a zaure don ya fi haske. Na ji daɗi, don da ma ba na son soke shi.

Kwalba tana ƙarewa a kan lokacinta, ban zargi komai ba. Kyaftin har ya fara kaɗa jela. Sai randa ta koma ba ta kai yamma. Kuma a wani fitar dare Malam ya taka tsinin ƙashi da silifas, babban yatsansa ya yi rauni, raunin ya ƙi rufewa.

Wata safiya na manta ban ba shi auduga ba, na bi shi zaure. Na same shi a tsugune, ya tattaro fatar wuyan karen da yatsu biyu, allura a ciki. Karen ya yi lamo kamar jariri.

"Malam!"

Bai firgita ba. Ya zare allurar, ya shafa wurin. "Rabi da rabi muke yi."

"Ka san abin da na sayar kuwa? Ka san abin da kake yi wa kanka?"

"Na sani. Hajara, shekara da shekaru ni da shi ne a farke duk duniya tana barci. Daren da ɓarayi suka zo da adduna shi ya tsaya a gabana. Yanzu ciwo ɗaya ya kama mu, in sha magani yana kallona?"

Na yi kuka, na yi faɗa irin wanda ban taɓa yi masa ba, na ƙwace tukunyar. Amma an makara. Yatsan ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Kwana kaɗan bayan haka ya tashi da zazzaɓi, numfashinsa yana wari kamar mangwaron da ya nuna ya wuce, yana magana da Baturen da ya tafi tun tuni. Mahauta suka wanke a-kori-kurar da suke ɗaukar nama, suka shimfiɗa tabarma, suka kai mu asibiti. Aka kwantar da shi, aka yanke yatsan don a ceci ƙafar.

Mace ba ta kwana a ɗakin maza. Yaya Alhaji, wanda nake ta jin haushinsa, shi ya zo da buzunsa ya shimfiɗa a ƙarƙashin gadon ƙaninsa, ya bar shagonsa na Titin Bauchi a hannun yara, bai tashi daga nan ba har aka sallame su. Shi yake kai shi makewayi, shi yake bin nas in lokacin allura ya wuce. Shi ɗin dai ne kuma ya turo mini wani mutum da igiya, wai ya zo ɗaukar kare an gama ciniki. Na tsaya a bakin zaure na ce masa maigidan ba ya nan, ba kuma a sayar da kayan majinyaci. Ya juya kekensa ya tafi.

Da Malam ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara ce mini shi ne, "Kyaftin fa?" Na ce yana nan. Kullum in na kai abinci sai ya tambaya, "Ya fita jiya?" In ce ya fita.

Ni nake fita da shi. Idanunsa sun riga sun yi fari kamar an ɗiga musu nono, ba ya gani, yana karo da bango. Sai na ɗaura masa igiya, in yafa bargon Bature, in zare sakata. Tun da aka kawo ni unguwar ban taɓa ganinta a wannan lokaci ba. Duwatsun bayan gidaje sun durƙusa cikin hazo kamar raƙuma. Iska tana kawo ƙamshin ganyen turare da warin garke. Can ƙasa fitilar babbar mota za ta ratsa, ba a jin ƙararta sai ta wuce. Shi yana gaba da hancinsa, ni ina baya da tocila, ban san wa yake ja wa wani gora ba. Ban san ranar da na fara yi masa magana ba. Nakan gaya masa yadda ƙafar ta kwana, abin da likita ya ce, da cewa Malam ya cinye accarsa. Sai ya juyo da kunne ɗaya.

Wani dare wajen ƙarshen damina bai tsaya inda ya saba ba. Ya ja igiya ya yi kudu, ta wajen Bukuru, yana tafiya yana hutawa. Na bi shi. Da muka kai gindin wani dutse ƙafafunsa suka ƙi, ya kwanta. Na ja, na lallashe shi, bai tashi ba. Na cire bargon na rufa masa, na zauna a gefe. Sama ta washe, taurari sun sauko kusa kamar a miƙa hannu. Numfashinsa yana nisa da juna. Can na ɗora tafina a kansa, ban taɓa yi ba sai ranar. Gashin da laushi, ban zata ba. Muna haka har na ji kiran assalatu daga masallacin mahauta, lokacin kuwa ya riga ya daina motsi.

Na koma gida na wanke hannuna na yi salla. Biyu daga cikin masu sayen masata suka ɗauki diga suka je suka binne shi a wurin, suka ƙi karɓar ko sisi.

Da rana na kai abinci. Yaya Alhaji yana zaune yana jan carbi. Malam ya dube ni.

"Ya fita jiya?"

"Ya fita, Malam. Bai dawo ba."

Ya juya fuskarsa bango. Sannan ya ce, "Shi kaɗai?"

"Ina wurin. Na rufa masa bargo."

"To, alhamdu lillahi."

Yaya Alhaji ya buɗe baki, na ɗauka zai faɗi abin da ya saba. Sai ya ce, "Allah Ya ba ka ladan riƙonsa." Nas ta zo da tire, Malam ya janye riga ya miƙa mata cinya, aka yi masa allurarsa cikakkiya.

An sallame shi kaka ta shigo. Ya yi shekaru bayan haka yana ɗingishi zuwa mayanka, yana cin acca yana ƙorafi, allurarsa kuma a hannuna ta zauna. Abin da zan ce wa mai karanta wannan kaɗan ne. Babba, mutum ne ko dabba, in ya saba kwana lafiya sai ya fara tashi dare, kada a tsaya neman dabarar hana shi, a nemi dalili. A duba abin da yake sha, a duba inda yake fitsari, a duba ƙafarsa. Maganin da aka auna wa mutum ɗaya kuma ba a raba shi, komai ƙauna. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ba masu jinya ƙarfin ido.

Daren da Malam ya dawo gida daga asibiti na kwanta ina jiran gado ya motsa. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Na farka na ga haske ta ƙarƙashin ƙofa, ana ta hayaniyar shanu, mahauta suna buga langa-langa suna kiran masa. Malam yana kwance yadda na bar shi, ko juyi bai yi ba. Na kai yatsa kusa da hancinsa, ban ji komai ba. Na girgiza kafaɗarsa da ƙarfi.

Ya buɗe ido ɗaya ya harare ni.

"Ke Hajara, lafiya? Mutum ya samu barci da ƙyar." Ya dubi hasken, ya yunƙura. "Subhanallahi, rana ta fito! Miƙo mini buta."